Yaya jam'iyya mai kansila 3 ta samu magajin gari? Amsa ga wani ƙane daga Gyallesu

Wani matashi daga Gyallesu ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Malam, na ga sakamakon zaɓen birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Jam'iyyar ANC ce ta zo ta ɗaya, amma ba ita ta samu magajin gari ba a lokacin, daga baya ma wata jam'iyya mai kansila 3 kacal cikin 270 ce ta hau kujerar. An ce mini wai can rabon kujeru ake yi daidai da yawan ƙuri'u. Wane irin lissafi ne wannan? Da za a kawo shi Zariya, zai hana jam'iyya ɗaya ta riƙa kwashe komai?"

Ƙanena, na gode da wannan tambaya. Shekaru na yi ina koyar da tsarin zaɓe, kuma na sha tsayuwa a rumfuna ina sa ido, amma ba kasafai nake samun wanda ya tambayi yadda ƙuri'a ke zama kujera ba. Yawancinmu a kan wane ne ya ci muke tsayawa.

Ka san watanda. Gab da sallah mutanen unguwa su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa naman kashi-kashi a kan buhu ko tabarma. Wanda ya biya kuɗin kashi uku ya ɗauki uku, wanda ya biya na ɗaya ya ɗauki ɗaya. Ba a taɓa cewa tunda Alhaji wane ya fi kowa zuba kuɗi, to ya ja san gaba ɗaya zuwa gidansa, sauran su tafi hannu rabbana ba. Da an yi haka da ba wanda zai sake shiga watanda a unguwar. To, tsarin da muke bi wajen zaɓen kansila shi ne na Alhaji ya ja sa. A kowace mazaɓa kujera ɗaya ce, wanda ya fi saura ko da da ƙuri'a ɗaya ce shi ke ɗauka. Tsarin da ka gani a Johannesburg kuwa shi ne na watanda: ƙuri'a ce kuɗin, kujerun majalisa su ne naman.

Bari mu yi lissafin da garinmu. Ƙaramar hukumar Zariya mazaɓu 13 gare ta: Kwarbai A da Kwarbai B, Unguwar Juma, Limancin Kona, Ƙaura, Tudun Wada, Gyallesunku, Unguwar Fatika, Tukur-Tukur, Dambo, Wuciciri, Dutsen Abba da Kufena. Alƙaluman da zan kawo yanzu misali ne na ƙirƙira don sauƙin fahimta, ba sakamakon wani zaɓe ba ne. A ce an kaɗa ƙuri'a 65,000, jam'iyyu huɗu suka tsaya. Mu kira su Gero, Dawa, Masara da Wake. Gero ta samu 31,000, Dawa 21,500, Masara 8,500, Wake 4,000.

A tsarinmu na yanzu, idan magoya bayan kowace jam'iyya sun bazu daidai a duk mazaɓun, Gero za ta zo ta ɗaya a kowace mazaɓa. Ke nan kansila 13 cikin 13, alhali ba ta kai rabin ƙuri'un garin ba. Mutum 34,000 sun fito, sun bi layi a rana, sun dangwala, amma babu ko mutum ɗaya a majalisa da zai ce su suka turo shi. Kuma ka lura, a wannan misalin babu maguɗi ko na ƙwayar zarra. Tsarin ne da kansa ya haifar da haka. Ko a Ingila, inda muka gaji tsarin, ana ganin irinsa: a ƙaramar hukumar Barking da Dagenham da ke Landan, jam'iyyar Leba ta kwashe kujeru 51 cikin 51 a 2010, ta kuma maimaita a zaɓukan 2014, 2018 da 2022, ba don kowa a wurin ɗan Leba ba ne.

Yanzu mu yi watanda. Za a ɗauki garin gaba ɗaya a matsayin mazaɓa guda mai kujera 13. A raba 65,000 gida 13, a samu 5,000. Wannan shi ne kuɗin kashi ɗaya, wato farashin kujera. Gero da 31,000 ta sayi kujera 6, ta yi ragowar 1,000. Dawa ta sayi 4, ragowar 1,500. Masara ta sayi 1, ragowar 3,500. Wake ba ta kai kuɗin kashi ba, don haka 4,000 ɗinta duka ragowa ce. Idan ka haɗa, kujera 11 aka raba, saura 2. A nan ne masana suka rabu, domin kujera ba ta yankuwa kamar tsoka.

Hanya ta farko ita ce a duba wa ya fi ragowa mai yawa. Wake ce da 4,000, sai Masara da 3,500. Kowacce ta ɗauki ɗaya. Sakamako: Gero 6, Dawa 4, Masara 2, Wake 1. Rinjaye a majalisa mai mutum 13 sai da 7, ka ga Gero ta zo ta ɗaya amma ba za ta iya zartar da komai ita kaɗai ba.

Hanya ta biyu ita ce ta wani masanin shari'a ɗan Beljiyam mai suna Victor D'Hondt, wanda ya fito da ita a 1878, ƙasarsa kuma ta fara amfani da ita a zaɓen majalisar ƙasa bayan dokar 1899. A tasa hanyar ba a maganar ragowa. Za ka raba ƙuri'un kowace jam'iyya da 1, da 2, da 3, haka har gaba, sannan ka jera duk amsoshin daga babba zuwa ƙarami ka ɗauki 13 na sama. Na Gero: 31,000, 15,500, 10,333, 7,750, 6,200, 5,167, 4,429. Na Dawa: 21,500, 10,750, 7,167, 5,375, 4,300. Na Masara: 8,500, sai 4,250. Na Wake: 4,000. Ka zauna da biro ka jera su, za ka ga lamba ta 13 ita ce 4,300 ta Dawa. Ta biyun Masara, 4,250, ta faɗi da tazarar 50 kacal, Wake kuma ba ta shiga ba sam. Sakamako: Gero 7, Dawa 5, Masara 1, Wake babu.

Ka sake duba waɗannan sakamako biyu da kyau, don a nan zuciyar maganar take. Ƙuri'u ba su canza ba ko ɗaya. Da hanyar farko Gero sai ta nemi abokin tafiya, da ta biyu ta samu rinjaye ita kaɗai. Da ta farko mutanen Wake suna da murya, da ta biyu sun rasa. Shi ya sa duk wanda ya ce maka "a kawo tsarin rabon daidai" ba tare da ya faɗi wanne ba, bai gama magana ba. Hanyar D'Hondt tana ɗan karkata wajen manyan jam'iyyu, ta ragowa tana tausaya wa ƙanana. Akwai kuma shingen da wasu ƙasashe ke sawa, su ce jam'iyyar da ba ta kai wani kaso ba ba za ta shiga rabo ba ma. A zaɓen ƙananan hukumomin Sifaniya kashi 5 cikin 100 ne. Yawan kujerun ma shinge ne a ɓoye: a majalisa mai kujera 13 sai ka tara kaso mai ɗan kauri kafin ka samu guda, amma a mai kujera 270 ko kashi 1 cikin 100 ya ishe ka ka samu biyu ko uku.

Wannan ya kawo mu Johannesburg. A zaɓen 1 ga Nuwamba 2021, cikin kujeru 270, ANC ta samu 91, DA 71, ActionSA 44, EFF 29, sauran suka watsu a hannun ƙananan jam'iyyu masu yawa. Ana buƙatar 136 don rinjaye, ba wanda ya kusa. Abin da ya ruɗe ka shi ne wani bambanci da ba na rabon kujeru ba: a can ba jama'a ke zaɓen magajin gari kai tsaye ba, kansiloli ne ke zaɓensa daga cikinsu. Don haka ranar da aka bayyana sakamako ba a gama ba, ranar ma aka fara ciniki. Jam'iyyun da ba sa son ANC suka haɗu suka ba Mpho Phalatse ta DA. Haɗin bai yi ƙarko ba. Aka tsige ta a 2022, kotu ta mayar da ita, aka sake tsige ta a Janairun 2023. ANC da EFF da abokansu suna da yawan da za su kafa mulki, amma kowacce ba ta yarda ɗayar ta riƙe kujerar ba, sai suka miƙa ta ga ƙaramar jam'iyyar da ba wanda ke jin tsoronta, Al Jama-ah, mai kansila 3. Thapelo Amad ya hau, bai cika wata uku ba ya sauka, Kabelo Gwamanda na jam'iyyar tasu ya gaje shi, har zuwa Agustan 2024 da Dada Morero na ANC ya karɓa.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan ba abin sha'awa ba ne. Birnin da ke canza shugaba kamar riga, aikin ruwa da wuta da hanya ne ke shan wahala, talaka kuma shi ke ɗanɗanawa. Masu sukar tsarin suna da hujja idan suka nuna Johannesburg. Sai dai a yi adalci: majalisar ta rarrabu ne saboda mutanen birnin da kansu a rarrabe suke. Jam'iyyar da ta zo ta ɗaya kashi ɗaya bisa uku kawai ta samu. Tsarin bai ƙirƙiri rabuwar ba, ya dai ƙi rufe ta.

Ba sai ka je nesa ba ma. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san wannan tsarin fiye da mu. A zaɓen ƙananan hukumomin Nijar na 13 ga Disamba 2020, jerin sunayen jam'iyya aka zaɓa, aka raba kujerun kansiloli gwargwadon ƙuri'u, kansilolin kuma suka zauna suka zaɓi magajin gari. Ina kawo wannan ne saboda masu cewa wai Bahaushen karkara ba zai gane ba. Mai kaɗa ƙuri'a ba shi ke yin lissafin ba, nasa ya dangwala a kan alamar da yake so, kamar yadda ya saba.

To, da za a kawo shi Zariya fa?

Abu na farko da zan faɗa maka shi ne mai zafin. A zaɓen ƙananan hukumomin Kaduna na 19 ga Oktoba 2024, hukumar zaɓe ta jiha ta bayyana cewa APC ta lashe ciyaman 23 cikin 23 da kansila 255 cikin 255. Mako guda bayan haka a Kano aka bayyana cewa NNPP ta lashe ciyaman 44 da kansila 484, babu saura. Jihohi biyu maƙwabta, jam'iyyu biyu masu adawa da juna, sakamako iri ɗaya. Ka zagaya ƙasar nan, kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ke wannan shara, ko wacce ce. Na nuna maka a sama cewa tsarin kujera ɗaya yana iya ba jam'iyya ɗaya duk kujerun gari ba tare da maguɗi ba. Amma a ce jiha mai faɗi da bambancin jama'a irin Kaduna, daga Birnin Gwari zuwa Sanga, babu mazaɓa ko ɗaya da 'yan adawa suka fi yawa, lissafin tsari kaɗai ba ya iya bayyana wannan. A 2018, lokacin da aka yi amfani da na'urar zaɓe a jihar nan, PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi. Mutanen ba su ƙaura ba.

Tushen matsalar yana cikin kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 7 ya ce dole ƙananan hukumomi su kasance zaɓaɓɓu, amma sashe na 197 da na 198 sun sa gwamna ne ke naɗa 'yan hukumar zaɓen jiha, majalisar jiha ta tabbatar. Kuɗin aikinsu ma daga gwamnatin jiha yake fitowa. Watanda ba ta yin daidai sai an rubuta gaskiyar abin da kowa ya biya. Idan mai riƙe da littafi zai iya rubuta cewa Dawa ƙuri'a 900 ta samu maimakon 21,500, to ko D'Hondt ne da kansa ya zo ya yi rabon, Dawa ba ta da kujera. Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce: tsarin rabon daidai yana maganin kwashewar da lissafi ke haifarwa, ba ya maganin wadda alƙalami ke haifarwa.

Duk da haka akwai wani amfani da nake gani ko a wannan fannin. A tsarinmu, ƙuri'a ɗari da aka karkatar a mazaɓar da aka yi kankankan ta isa ta juya kujera sukutum. A tsarin rabo, galibi kafin ka saci kujera guda sai ka ƙirƙiri dubban ƙuri'u, kafin ka kwashe duka kuwa sai ka rubuta cewa kusan babu wanda ya zaɓi kowa sai kai. Ƙaryar tana ƙara girma, ɓoye ta yana ƙara wuya. Sannan ejan ɗin jam'iyyar da ta san ba za ta zo ta ɗaya ba yana da dalilin tsayawa har a gama ƙirga, domin kowace ƙuri'a tana shiga asusunsu na gari.

Na taɓa tsayawa a wata rumfa a harabar wata makarantar firamare a cikin birni. Bayan la'asar aka zazzage akwati a kan tebur a gindin darbejiya, jami'in yana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya, jama'a suna ƙirgawa tare da shi da ƙarfi. Akwai wani dattijo da ya zo tun da sassafe da 'yar kujerarsa ta katako, ya ƙi tafiya. Da aka gama, ɗan takararsa ya zo na biyu da ƙaramar tazara. Ya naɗe carbinsa ya sa a aljihu, ya ɗauki kujerarsa, ya ce wa na kusa da shi, shi dai tun da yake zaɓe ƙuri'arsa ba ta taɓa kai kowa ko'ina ba. Bai zargi kowa da sata ba, don a gabansa aka ƙirga. Na daɗe ina tuna wannan dattijon. Irinsa ne ke daina fitowa, 'ya'yansa kuma su taso da cewa zaɓe ɓata lokaci ne. Duk lokacin da nake kare tsarin rabo, shi nake gani.

Ka kuma dubi Sabon Gari, mai mazaɓu 11. Tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso, wurin ya zama matattarar jama'a daga ko'ina, ga kuma Samaru da ma'aikatan jami'a da ɗalibai. Akwai al'ummomin da idan ka tara su a faɗin ƙaramar hukumar suna da yawa, amma babu mazaɓa ɗaya da suka fi rinjaye. Tsarin kujera ɗaya ba ya ganinsu. Mata ma haka. Garin da ya fitar da Hajiya Gambo Sawaba, yau ka ƙirga mata nawa ne ke samun tikitin kansila. Idan kujera ɗaya ce tak a mazaɓa, jam'iyya za ta ce ba za ta yi kasada ba, ta ba namiji mai kuɗi. Idan jerin mutum 13 ne, ba ta da uzurin kawo maza zalla, doka ma tana iya tilasta mata. Nijar ta kafa dokar kason mata tun shekarar 2000, kuma jerin sunaye ne ya sa aiwatar da ita ya yiwu.

Wani zai ce, to ba za a samu jam'iyyun ƙabila da na addini ba? Tsoron yana da tushe, musamman a jihar da ta ga abin da ta gani. Sashe na 222 na kundin tsarin mulki ya hana rajistar jam'iyyar da sunanta ko alamarta ke nuna ƙabila ko addini, ko wadda ta taƙaita ga wani yanki, wannan katanga ce da ya kamata a bar ta a tsaye. Ni dai a nawa nazarin, mutumin da yake da kujera a zauren majalisa ya fi sauƙin lallashi a kan wanda aka rufe wa ƙofa. Ƙasar Lesotho ta koyi wannan da jini. A zaɓen 1998 jam'iyyar LCD ta samu kusan kashi 60 cikin 100 na ƙuri'u amma ta kwashe kujera 79 cikin 80. Rikici ya ɓarke, aka ƙone sassan Maseru, babban birnin ƙasar, har sojojin Afirka ta Kudu da Botswana suka shiga. Da aka zauna sulhu, sai aka bar kujeru 80 na mazaɓu aka ƙara 40 na rabo, aka fara aiki da shi a 2002.

Yanzu ga abin da ke damuna da tsarin, kuma ina so ka ɗauke shi da muhimmanci. Ka je ƙofar gidan kansila bayan sallar asuba ka ga yadda zaure ke cika. Wannan da takardar magani a hannu, wancan taransifomar layinsu ta ƙone, wata kwata ta toshe ruwa na shiga gidaje, ga masu maganar katangar maƙabarta, ga yaron da ke neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma don neman makaranta. Ko kansilan ya yi ko bai yi ba, mutanen Tukur-Tukur sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, sun san iyayensa, sun san masallacin da yake sallah. Idan aka mai da Zariya mazaɓa ɗaya aka ce jerin sunaye za a zaɓa, wa zai rubuta jerin? Uban gida ne a sakatariyar jam'iyya. Wanda aka sa a lamba ta 1 ya ci tun kafin a buɗe rumfa, wanda aka sa a ta 12 ya faɗi ko da duk unguwarsu na son sa. Biyayyar kansila za ta koma ga mai rubuta jeri. Kuma ina tsoron jerin zai cika da 'yan cikin ganuwa da Tudun Wada, inda ƙuri'u suka fi yawa, a bar ƙauyukan Dutsen Abba da Wuciciri ba kowa. Mu da muke kuka da ɗauki-ɗora a zaɓen fid da gwani, wannan zai iya zama ɗauki-ɗora mai lasisi.

Akwai hanyoyin rage wannan. A Skotland tun 2007, ana haɗa unguwanni a yi mazaɓa mai kansila galibi uku ko huɗu, mai zaɓe ya rubuta 1, 2, 3 a gaban sunayen mutanen da yake so bi da bi, ba jam'iyya ke jera masa ba. Tsari ne mai kyau, amma ƙirgarsa tana da sarƙaƙiya, ba a iya gama ta a rumfa a gaban jama'a, sai an kwashe takardu zuwa wuri ɗaya. A ƙasar da amana ta yi ƙaranci, duk tsarin da zai raba ƙuri'a da idon masu ita ba na goyon bayansa.

Wanda na fi natsuwa da shi shi ne na gauraye, irin na Afirka ta Kudun da ka tambaya a kai. Rabin kansiloli daga mazaɓu suke fitowa kamar namu, rabi kuma daga jerin jam'iyyu, a yi amfani da na jerin a cike wa kowace jam'iyya abin da ya rage mata na haƙƙinta. Mu koma misalinmu. A bar mazaɓu 13 yadda suke, a ƙara kujera 13 na cikewa, jimla 26. Kuɗin kashi ya zama 2,500. Da hanyar ragowa, haƙƙin Gero 12, Dawa 9, Masara 3, Wake 2. A ce Gero ta ci mazaɓu 10, Dawa ta ci 3. Sai a ba Gero 2 daga jerinta, Dawa 6, Masara 3, Wake 2. Mutumin Gyallesu yana da kansilansa da ya sani, dattijon nan na gindin darbejiya kuma ƙuri'arsa ta kai wani majalisa. Kuɗin albashi zai ƙaru, gaskiya ne, kuma ba lallai sai an ninka ba, ko kujera biyar ko shida aka ƙara za su sauya fuskar majalisar.

Wannan tunanin ba baƙo ba ne a gare mu, ɗan Zariya ne ma ya jagoranci kawo shi. Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, tsohon Alƙalin Alƙalan Nijeriya, shi marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗora a kan kwamitin gyaran zaɓe a 2007. Rahoton da suka miƙa a Disamban 2008 ya ba da shawarar a riƙe tsarin mazaɓu amma a gauraya shi da na rabo a majalisun dokoki, har da ƙarin kujera 108 a Majalisar Wakilai. Ya kuma ba da shawarar a shigar da hukumomin zaɓen jihohi cikin INEC, a kuma cire naɗin shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai. Ka ga sun haɗa biyun, gyaran lissafi da gyaran mai riƙe da littafi. Ba a aiwatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta kantomomin riƙo, amma bai taɓa batun wanda ke shirya zaɓen ba.

Game da tsoron kada mu zama Johannesburg: a wurinmu jama'a ke zaɓen ciyaman kai tsaye, don haka jam'iyya mai kansila ɗaya ko biyu ba za ta wayi gari da kujerar ba ta hanyar ciniki. Abin da zai iya faruwa shi ne ciyaman ya fito daga Gero, majalisa kuma Gero ba ta da rinjaye. Tsohuwar jihar Kaduna ta ɗanɗana irin wannan a sama: Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna a 1979, NPN ke da rinjaye a majalisa, suka ƙi amince masa da kwamishinoni har suka tsige shi a 1981. Don haka duk dokar da za ta kawo rabon kujeru dole ta tsaurara sharuɗɗan tsige ciyaman, ta kuma fayyace abin da za a yi idan kasafin kuɗi ya maƙale. Amma ciyaman da dole ya zauna ya bayyana wa kansilolin da ba yaransa ba inda kuɗin rijiyar burtsatse ya shiga, ni ban ɗauke shi matsala ba. Aikin majalisar ke nan tun asali, kuma majalisar da duk 'yan gida ɗaya ne da wuya ta yi shi.

Ta fuskar doka, ba abu ne da majalisar jiha za ta yi ita kaɗai cikin dare ɗaya ba. Kundin tsarin mulki ya ba Majalisar Tarayya ikon tsara hanyar gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi, dokar jiha kuma ba ta da ikon saɓa wa ta tarayya. Sai an taɓa dokar zaɓe a Abuja, batun hukumar zaɓen jiha kuwa sai an gyara kundin kansa, wanda ke buƙatar amincewar kashi biyu bisa uku na majalisun jihohi, wato majalisun da gwamnoni ke da ƙarfi a kansu.

Idan kana son ka gwada da hannunka, nemi sakamakon zaɓen ɗan majalisar jiha ko na gwamna na 2023 na ƙaramar hukumar Zariya, mazaɓa-mazaɓa, wanda INEC ta tattara. Ejan-ejan na jam'iyyu a unguwarku suna da kwafi. Ka fara duba wa ya zo na ɗaya a kowace mazaɓa ka ƙirga kujeru 13 a tsarinmu. Sannan ka haɗa jimlar kowace jam'iyya, ka raba jimlar duka gida 13, ka yi hanyar ragowa, ka kuma yi ta D'Hondt. Kada ka sa lalatattun ƙuri'u a cikin jimlar, sahihai kaɗai ake rabawa. In ka gama ka turo mini abin da ka samu mu duba tare.